Yadda za ka zaɓi kamfanin Usenet na biya daga Accra

Wanda yake zaune a Nima ko Maamobi ko Madina, ya ƙudura zai biya kuɗi ya shiga Usenet, abin da zai fara tararwa shi ne tallace-tallace masu kama da juna. Kowane kamfani cewa yake shi ya fi gudu, shi ya fi daɗewa da ajiya, shi ya fi tsaro. Duk kuwa an rubuta su ne don mutumin Amsterdam ko na Texas, wanda intanet ɗin gidansa ba ya ƙarewa, katin bankinsa kuma ba ya yi masa gardama. Mu a nan lissafinmu daban ne. Data da awo muke sayenta, da sidi muke samu amma da dala ko yuro za mu biya, wuta kuma tana iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Saboda haka zaɓin daga gida yake farawa: me kake so ka yi, nawa layinka zai iya ɗauka, nawa aljihunka zai iya jurewa. Sunan kamfani sai can daga baya.

Ga wanda bai san shi sosai ba, Usenet ya girmi shafukan intanet da muka saba da su. Ɗalibai biyu na Jami'ar Duke a Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, su suka tsara shi a 1979, ya fara aiki a 1980. Ba shi da mai shi, ba shi da hedikwata. Sabobi ne da yawa, wato manyan kwamfutoci masu ajiye saƙonni, suke miƙa wa juna saƙo: ka rubuta a wannan, ta miƙa wa maƙwabtanta, su ma su miƙa gaba, har ya zagaye duniya. An kasa shi zaure-zaure, kowane zaure da sunansa da abin da ake tattaunawa a ciki. A zauren comp.os.minix ne Linus Torvalds ya sanar da aikin da ya zama Linux a watan Agustan 1991. A da jami'o'i da kamfanonin intanet suna ba da shi kyauta, sai suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. Ita kanta Duke ta kashe sabarta a 2010, Google kuma ya yanke hulɗar Google Groups da Usenet a ranar 22 ga Fabrairun 2024, ya bar tsoffin saƙonni don karatu kawai. Shi ya sa yau sai mutum ya nemi asusu da kansa.

Da farko: rubutu kake so ko fayil?

Amsar wannan tambaya ita ce za ta nuna ko akwai ma dalilin biya. Zaurukan kashi biyu ne. Akwai na rubutu, inda mutane suke tattaunawa. Manyan rassansu takwas ne, wato comp, sci, rec, soc, talk, news, misc da humanities, sai kuma alt da ya fi kowanne faɗi da ƙarancin doka. Akwai kuma na ƙasashe, irin su uk da de da fr, na ƙarshen nan kuwa shi ne wanda 'yan'uwanmu na zango da suka taso daga Togo ko Nijar ko Burkina suke iya karantawa da Faransanci. Mai gyaran kayan lantarki zai tarar da sci.electronics.repair, mai koyon rubuta manhaja zai tarar da comp.lang.c. Gaskiya jama'a sun ragu ƙwarai, zauruka da yawa sun zama kango, ba komai a ciki sai tallar banza. Amma a 'yan waɗanda suke raye akwai dattawan sana'a da za su ba ka amsa mai tsawo a kan tambaya guda, kuma irin wannan amsar tana da wuyar samu a wani wuri.

Idan wannan kake nema, kada ka biya ko sisi. Eternal September tana ba da asusu kyauta na zaurukan rubutu. Ka yi rajista, ka sa manhajar Thunderbird wadda ita ma kyauta ce, ka rubuta sunan saba da sunan shigarka da kalmar sirri, shi ke nan. Rubutu ba ya cin data. Karatun wuni guda bai kai nauyin bidiyo ɗaya na WhatsApp ba. Ka yi wata guda a haka kafin ka yi tunanin ciro kati.

Kashi na biyu su ne zaurukan fayil, waɗanda sunansu yake farawa da alt.binaries. A nan ana yanyanka babban fayil gutsi-gutsi, a mai da kowane gutsure saƙo, sannan manhajarka ta tattaro su ta haɗe. Abin da ake zubawa a kullum ya kai ɗaruruwan terabait, kuma ajiye wannan lodi shekara da shekaru shi ne abin da ake karɓar kuɗi dominsa.

Dole in tsaya a nan in faɗi wata magana, domin masu talla ba za su faɗa maka ba. Kaso mai yawa na abin da ke cikin waɗannan zauruka kayan mutane ne da aka ɗora ba da yardarsu ba. Kuɗin da kake biyan kamfani kuɗin hanya ne, bai sa kayan ya zama naka ba. Ghana tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2005, doka mai lamba 690, kuma ko ba don doka ba, mun ga yadda masu kwafi suka durƙusar da mawaƙa da 'yan fim namu. Haƙƙin wani ba ya faɗuwa don yana nesa. Akwai kayan halal a ciki, irin manhajojin da masu su suka sake kyauta da tsoffin ayyukan da wa'adin mallakarsu ya ƙare, amma idan manhaja ta kyauta irin Ubuntu kawai kake so, je shafinsu ka sauke, ba ka buƙatar Usenet. Sannan babu mai tace waɗannan zauruka. Kada ka bar manhajar a buɗe a kwamfutar da yara suke taɓawa.

Na biyu: auna layinka

Kafin ka buɗe shafin kowane kamfani, ka samo lambobi biyu. Ta farko, gigabait nawa kake iya warewa a wata bayan abin da gida yake ci. Duba a manhajar MTN ko Telecel ko AT, ko a shafin rawutarka, ka ga abin da ka ci a watanni biyu ko uku da suka wuce. Ta biyu, gudun layinka na gaskiya. Ka gwada da Speedtest da rana, ka sake gwadawa bayan isha'i lokacin da unguwa duka take kan waya, ka ƙara gwadawa da asuba. Wanda ya fi ƙanƙanta shi za ka riƙe.

Lambar da take fitowa megabit ce, manhajar saukewa kuwa da megabait take ƙirga, don haka ka raba da 8. Layi mai megabit 40 yana ba da megabait 5 a daƙiƙa, wato kimanin gigabait 18 a awa guda. Ka tsaya ka dubi wannan lamba da kyau. Mai bandul na gigabait 20 zai iya cinye shi tas tsakanin magariba da isha'i idan ya bar manhajar ta saki jiki. Idan kamfanin Usenet ya ce maka asusunsa ba shi da iyaka, a ɓangarensa yake nufi. Kowane gigabait da ya shigo, kamfanin layinka ma yana ƙirgawa, ke nan sau biyu kake biya. Ko masu faiba da masu Starlink, wanda ya fara aiki a Ghana a 2024, su karanta sharuɗɗan kunshinsu su ga ko akwai iyaka ko rage gudu bayan an kai wani adadi.

Na uku: wane irin asusu?

Iri uku ake sayarwa. Akwai mara iyaka, na wata-wata ko na shekara. Akwai mai iyaka, ko dai iyakar gigabait a wata ko iyakar gudu, kuma wasu kamfanonin Holan sun saba sayarwa bisa gudu, mai ƙaramin gudu ya fi araha. Sai kuma wanda suke kira bulok: ka sayi adadi guda, a ce gigabait 500 ko terabait 1, ka yi ta ci a hankali har ya ƙare. A wurin kamfanoni da yawa bulok ba ya lalacewa, amma ka tabbatar an rubuta haka ɓaro-ɓaro kafin ka biya.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali, kai kuma ka sa farashin da ka gani a ranar. A ce mara iyaka dala 10 ne a wata, shekara ta kama dala 120. A ce bulok na gigabait 500 dala 25 ne. Mai sauke gigabait 30 a wata zai yi fiye da wata 16 a kan bulok ɗin nan guda. Watan da ya yi tafiya Kumasi ko Tamale, ko watan azumi da bai taɓa kwamfuta ba, babu abin da ya yi asara. Mai asusun wata kuwa ana cire masa ko ya yi amfani ko bai yi ba.

Wani ƙanen abokina mai gyaran laftof a Tip Toe Lane ya taɓa miƙo mini wayarsa yana cewa, "Yaya, duba, sun yi rangwamen shekara guda, ga agogo nan yana ƙirgawa, saura awa biyu ya rufe." Na ce masa, "Ƙanena, giga nawa kake saya a wata?" Ya ce ashirin, kuma da shi yake sauke direbobin kwamfutocin kwastomomi. Muka ɗauki biro muka buga a bayan rasit, sai ga shi abin da zai iya warewa a shekara bai kai rabin bulok ɗaya ba. Agogon nan da yake ƙirgawa kada ya tsorata ka. Rangwame yana dawowa, musamman a ƙarshen Nuwamba lokacin Black Friday, lokacin da kusan dukkansu suke karya farashi.

Ra'ayina shi ne, ga yawancinmu masu rayuwa a kan bandul, bulok ya fi dacewa. Mara iyaka sai ga mai faiba ko wani layi mai yalwa wanda ya tabbatar yana wuce gigabait ɗari biyu ko uku kowane wata. Mai layin da bai wuce megabit 20 ba, idan ya ga asusu mai iyakar gudu daidai da layinsa, ya ɗauka. Biyan kuɗin gudun da ba za ka taɓa gani ba asara ce.

Na huɗu: wa yake bayan sunan?

Wannan shi ne abin da sabon shiga ba ya sani, kuma a nan ake yawan yin asara. Sunayen kamfanoni suna da yawa, amma masu manyan rumbunan ajiyar 'yan kaɗan ne. Sauran dillalai ne, suna sayen hanya a wurin manya su sayar da sunansu. Kamar shagunan shinkafa ne a kasuwar Nima: shago goma, allo goma, amma buhunan daga sito ɗaya suka fito a Tema, idan ta yanke a siton ta yanke wa kowa. Masu harkar suna kiran babban rumbun bakbon.

Newshosting da UsenetServer da Easynews da Eweka da Tweaknews duk 'yan gidan kamfanin Omicron ne. Supernews na tare da Giganews, tsohon kamfani na Texas. UsenetExpress yana da nasa rumbun, haka Abavia da Usenet.Farm a Holan. Dillalai suna sauya gida lokaci zuwa lokaci, wani lokaci ba tare da dogon bayani ba, don haka kafin ka biya ka bincika halin da ake ciki a wannan watan, ko ka aika wa kamfanin imel ka tambaye shi kai tsaye a kan wane rumbu yake. Yadda zai amsa maka ma gwaji ne. Wanda ya yi kwana uku bai amsa wa mai son saye ba, ka san yadda zai yi da kai bayan kuɗinka ya shiga.

Amfanin sanin wannan biyu ne. Na ɗaya, dillali sau da yawa ya fi mai rumbun araha, sai dai wani lokaci ana rage masa tsawon ajiyar da zai iya kaiwa, don haka ka karanta. Na biyu, idan za ka riƙe asusu biyu, dole su kasance a rumbu daban-daban. Tsarin da ya fi yi wa mutane aiki shi ne babban asusu guda, da ƙaramin bulok daga wani gidan don cike giɓi. Idan dukkansu gida ɗaya ne, gutsuren da ya ɓace a na farko ya ɓace a na biyu, ka biya sau biyu a kan abu ɗaya.

Na biyar: tsawon ajiya da cikar kaya

Lambar da suke bugawa da manyan haruffa ita ce tsawon ajiya, abin da suke kira ritenshan, wato kwana nawa saƙo yake yi a rumbu kafin a share. Manyan gidaje suna tallar fiye da kwana 5,000, domin tun wajajen 2008 suka daina sharewa. Ƙananan gidaje wasunsu suna ajiye komai na ɗan lokaci, bayan haka sai su riƙe abin da ake nema kawai, don haka lambar da suka rubuta ba ta nufin duk abin da aka ɗora a wannan tsawon yana nan. Idan ka ga an ce "har zuwa" kwana kaza, ka fahimci haka. Kai dai ka tambayi kanka: tsohon abu nake nema ko na bana? Mai neman na bana ba ya buƙatar biyan kuɗin ajiyar shekara goma sha biyar.

Cikar kaya ta fi tsawon ajiya muhimmanci, kuma ba a gane ta daga talla, domin kowa cewa yake nasa ya haura kashi 99 cikin ɗari. Fayil guda yana iya zama gutsure dubbai. Idan manhajarka ta nemi gutsure saba ta amsa da lamba 430, ma'ana babu shi. Masu ɗorawa sukan haɗa da fayilolin gyara da ake kira PAR2, waɗanda suke iya toshe ɗan giɓi, amma idan giɓin ya fi ƙarfinsu, duk datar da ka kashe ta tafi a banza. Mu wannan ya fi yi wa ciwo, domin Bature lokaci kawai ya ɓata, kai kuwa kuɗin bandul ne. Manhajar saukewa mai suna SABnzbd tana da zaɓin duba cikar fayil kafin ta fara saukewa. Kunna shi.

Gutsure yana ɓacewa ne ko don matsalar saba, ko don mai haƙƙi ya kai ƙara an cire. Kamfanonin Amurka suna bin dokar DMCA ta 1998, na Holan suna bin tsarinsu na sanarwa da cirewa. Dukkansu suna cirewa. Duk wanda ya ce maka ga kamfanin da ba ya cire komai, ko bai sani ba ko yana son ya sayar maka da wani abu.

Na shida: ina sabar take, layuka nawa?

Wayoyin ƙarƙashin teku da suke sauka a Accra, irin su SAT-3 da MainOne da WACS da ACE da Glo-1, suna bin gaɓar teku ne su nufi Turai. Saboda haka sabar da take Amsterdam ko Frankfurt galibi ta fi ta Amurka kusa da mu. Kamfanoni da yawa suna ba da adireshi biyu, na Turai da na Amurka, kuma kada ka bari a zaɓar maka. Buɗe tagar umarni a kwamfutarka, rubuta ping da sunan sabar, ka kwatanta lambobin. Ƙaramar lamba ita ce mafi kusa. Wasu sabobin ba sa amsa ping, to sai ka gwada da saukewa kai tsaye. Samun adireshi biyu yana da amfani ranar da hanya ta lalace. Duk wanda yake garin nan ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyi huɗu suka yanke a teku, intanet ya yi kwanaki yana rarrafe. A irin wannan lokaci mai bulok bai rasa komai ba, mai biyan wata kuwa kwanakinsa suna tafiya.

Za ka ga suna gasar yawan layukan haɗi, wannan ya ce 50, wancan ya ce 100. Layukan haɗi hanyoyi ne da manhajarka take buɗewa lokaci guda zuwa saba. Saboda nisanmu, layi ɗaya ba ya cika bututu, don haka muna buƙatar fiye da ɗaya, amma ba ɗari ba. Fara da 8. Idan gudun bai kai abin da ka auna ba, ƙara zuwa 12, sannan 20. Da zarar ka ga ƙari bai ƙara komai ba, koma baya ka tsaya. Yawan layuka yana wahalar da tsohuwar laftof, yana sa ƙaramar MiFi ta yi zafi, yana kuma hana sauran mutanen gida sakat. Kamfanin da ya ba ka 20 ya wadatar da kusan kowane layi da ake samu a unguwanninmu.

Na bakwai: sirri

Kada ka sayi asusun da ba shi da SSL, wato kullen da yake ɓoye abin da ke wucewa tsakaninka da saba. Manhaja ta ƙofa mai lamba take shiga saba. Ƙofa ta 119 a buɗe take, sunanka da kalmar sirrinka suna tafiya tsirara. Ƙofa ta 563 ita ce mai kulle, kuma da yawa suna ba da 443 idan wata hanyar ta toshe 563, kamar yadda yake faruwa a wasu ofisoshi da makarantu. Kullen yana hana na tsakiya ganin abin da kake karantawa, amma shi kamfanin ya san kai ne, ya san katin da ka biya da shi. Karanta abin da ya ce yana ajiyewa game da kai. VPN da suke haɗawa a kunshi don farashi ya hau, ba dole ba ne ga Usenet idan SSL yana kunne, sau da yawa ma rage gudu yake yi.

Idan kana son ka riƙa rubutu a zauruka, tambayi ko asusun yana da izinin aikawa, domin wasu suna rufe shi sai ka nema, wasu bulok ɗin ma ba su da shi sam. Ka yi gwajin farko a misc.test ko alt.test. Ka kuma sani saƙon da ya fita ya bazu a sabobi da yawa, janye shi kusan ba ya yiwuwa, don haka kada ka sa lambar wayarka ko babban imel ɗinka.

Na takwas: biya

A nan ne mutanenmu da yawa suke maƙalewa. Waɗannan kamfanoni ba su san MoMo ba. Abin da ya fi tafiya shi ne katin Visa ko Mastercard. Katin gh-link na cikin gida ne, ba zai wuce ba. Wasu kamfanonin Holan suna sa iDEAL ko SEPA a gaba, waɗannan kuwa sai mai asusun banki a Turai, don haka ka leƙa shafin biya tun kafin ka ƙwallafa rai. Idan kati ya ƙi, yawanci ba kuɗi ne babu ba: ko bankinka ya rufe sayayyar waje ta intanet har sai ka buɗe a manhajarsa ko ka je reshe, ko lambar tabbatarwa ta tafi tsohon layin da ka daina amfani da shi. Gyara wannan kafin ka sake gwadawa, domin yawan gwaji yana iya sa a toshe katin.

Farashin da ka gani ba shi za a cire ba. Banki zai canza da nasa farashin, ya ɗora nasa caji. Ka duba saƙon cirewa ka raba da dalar da ka biya, ka san ainihin farashin da aka yi maka. Biyan shekara yana kare ka idan sidi ya faɗi, amma yana ɗaure ka da kamfanin da ba ka gama sani ba, don haka ba na ba sabon shiga shawarar farawa da shi.

Abu biyu za ka nema a ƙananan rubutu. Na ɗaya, farashin sabuntawa, domin rangwamen shekarar farko yakan koma cikakken farashi a ta biyu. Na biyu, cirewa kai tsaye. Kusan duk asusun wata da na shekara suna sabunta kansu. Idan bankinka yana ba da katin wucin gadi ko wanda ake zuba wa kuɗi, yi amfani da shi, ka zuba daidai abin da za a cire. Kuma kada ka ba wani a Circle kuɗi ya ce zai raba maka asusunsa. Yawancin kamfanoni sun hana amfani da asusu ɗaya daga wurare biyu lokaci guda, suna iya rufe shi, kai kuma ba ka da wanda za ka kama.

Na tara: gwaji

Gani ya kori ji. Kamfanoni da yawa suna ba da gwaji na 'yan kwanaki ko 'yan gigabait, ko alkawarin mayar da kuɗi. Idan gwajin yana buƙatar kati, sa ƙararrawa a wayarka kwana biyu kafin ya ƙare. Idan babu gwaji, sayi bulok mafi ƙanƙanta ko wata guda.

Sa SABnzbd ko NZBGet, dukkansu kyauta ne, kuma a cikin burauza suke buɗewa. A shafin saba za ka tarar da gurabe kaɗan: sunan saba, ƙofa, sunan shiga, kalmar sirri, yawan layuka, da akwatin SSL. Cike su, danna maɓallin gwaji. Idan ta dawo da 481, suna ko kalmar sirri ne ba daidai ba, kuma sau da yawa sunan shiga saba daban yake da imel ɗin da ka yi rajista da shi, yana cikin saƙon da suka aiko maka. Idan ta dawo da 502, duba ko layukanka sun wuce adadin da aka ba ka, ko kuma layin wayarka ya sauya adireshi sabar tana ganin kamar mutum biyu ne. Jira 'yan mintuna ka sake. Idan asusu biyu gare ka, ba babban lamba 0 a gurbin fifiko, bulok ɗin cike giɓi kuma lamba 1, don kada a taɓa shi sai na farko ya rasa.

Kafin ka sauke komai, sa wa manhajar iyaka. SABnzbd tana da gurbin ƙayyade gigabait na wata da kuma jadawali, don haka mai bandul ɗin dare zai iya sa ta fara bayan tsakar dare ta tsaya kafin asuba. Ka bar fili a rumbun kwamfuta kamar ninki biyu na fayil ɗin, domin kwancewa tana buƙatar wuri. Idan wuta ta ɗauke, manhajar tana ci gaba daga inda ta tsaya, amma rawuta tana buƙatar ɗan batirinta, kuma faifan waje da aka yanke wa wuta yana tsakiyar rubutu yana iya lalacewa.

Sannan ka gwada abu uku: sabon abu, na shekara biyu ko uku, da mafi tsufan abin da za ka iya buƙata. Kowanne ka duba gudu, ka duba gutsure nawa suka ɓace. Ka maimaita da daddare lokacin cunkoso. Ka lura cewa yawancin asusu ba sa zuwa da wurin bincike. Easynews tana da bincike a burauza, wanda yake taimakon mai waya kawai, Newshosting kuma tana da manhajarta mai bincike, sauran sai ka nemi ƙaramin fayil na NZB mai nuna wa manhaja inda gutsattsarin suke. Duk abin da ya sauko ya ce sai ka je wani shafi ka karɓi kalmar sirri, ko ka tarar da fayil mai ƙarewa da exe inda ba manhaja ka nema ba, share shi ba tare da ka buɗe ba.

Rubuta sakamakon a takarda tare da farashin da banki ya cire da ranar sabuntawa. Idan wa'adi ya kusa cika, sake yin wannan gwajin da fayilolin nan guda uku kafin ka bari a cire maka kuɗi, domin dillalin da ka saya a wurinsa bara yana iya kasancewa ya koma wani rumbun bana.